Gilashin da Nathan Bai Wanke Ba

Jawabin Malam Simeon Elias, tsohon malamin gona, a taron tunawa da Dakta Nathan Manga, Majidaɗi, Jalingo, Nuwamba 1998.

Mai girma wakilin gwamnatin jiha. Iyayenmu hakimai da masu unguwanni daga Majidaɗi, Iware da Sunkani, ranku ya daɗe. Rabaran Paul da dattawan ikilisiya. Maƙwabtanmu Musulmi da Alhaji Suleiman Goni ya jagoranto, waɗanda su suka kafa mana rumfunan nan da hannunsu. Likitoci da ma'aikatan jinya, abokan aikin marigayi. Zumuntar mata da mawaƙa. Uwargida Margaret, Maman Victoria. Victoria da ƙannenki. Dangi na nesa da na kusa: salama a gare ku duka. Sannunmu da haƙuri.

Da kwamitin taro suka aiko cewa ni zan yi magana a madadin unguwa, sai na tambaye su ko sun yi shawara da kyau. Don a garin nan, in aka ce a nuna wanda ya fi kowa son Dakta Nathan Manga, ni za a nuna. In kuma aka ce a nuna wanda ya fi kowa kishinsa, ba sai an ɗauke yatsa daga kaina ba. Kun sani, Margaret ta sani, shi ma ya sani. Saboda haka wanda ya zo jin yabo zalla ya yi haƙuri da ni. Zan yabe shi, don ya cancanta, amma da irin bakin da Allah ya ba ni.

Na kuma san abin da ya cika rumfar nan har wasu suna tsaye a rana. Kun ji labari cewa akwai wani abu a aljihuna, kuma na yi wa Victoria alkawari yau zan ba ta amsa a kansa. Gaskiya ne, yana nan. Ɗan gilashi ne, tsawonsa bai wuce yatsa ba, a jikinsa akwai busasshen ɗigon jinin 'yata Precious, wadda ta rasu tana ƙarama. Victoria tana so in ba ta, ta tafi da shi ta ci gaba da aikin babanta. In na ba ta, za a kankare jinin a narkar da shi, ba zai dawo ba. Zan zo kan wannan. Ku bar ni in fara sallamar abokina.

Ya kasance abokina tun muna zuwa makaranta ba takalmi. Ni na fi shi gudu, na fi shi noma, na fi shi kyau ma in ba son kai ba, Margaret tana iya musawa. Amma duk ranar da aka karanta sakamakon jarrabawa sunansa ne a sama, nawa kuwa sai malam ya gaji da karatu kafin ya iso. Wannan kishin yara ne, ba shi nake nufi ba. Shi ya zama likita, ni na zama malamin gona, kowa ya kama sana'arsa. Muka yi aure, muka gina gidaje a nan Majidaɗi, zana ɗaya ta raba mu, kuma a jikin zanar akwai wata kafa da 'ya'yanmu mata suka huda. Victoria tasa, Precious tawa, shekara ɗaya aka haife su. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke barcin rana. In aka yi wa ɗaya kitso, ɗayar ba ta barin kowa ya huta sai an yi mata irinsa.

A daminar 1982, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Gongola, suna 'yan shekara bakwai, zazzaɓin cizon sauro ya kama su tare. Da safe Nathan ya kwantar da su a bayan motarsa, ni da matata Alisabatu da Margaret muka matsu a ciki. A asibiti shi da kansa ya soki yatsunsu, ya shafa jinin kowacce a kan gilashi, ya leƙa a madubin likita, ya ce ciwo ɗaya ne. Gado biyu kusa da juna. Ruwan kwinin iri ɗaya, hannu ɗaya ya ɗaura musu. Ina so ku riƙe wannan, jama'a: bai fifita tasa ba. Na sa masa ido sosai, da ya yi da na gani. Ya ma fi daɗewa a kan Precious. Su biyun suka suma, suna fizge-fizge. Kafin mako ya ƙare Victoria ta buɗe ido ta ce tana son kunu. Precious ba ta sake buɗe nata ba.

Ina zaune a bakin gadon 'yata, ina jin ana hura wa 'yar wani kunu. Wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba, kada ya yi mini wa'azi. Daga ranar kishina ya tashi daga na yara ya koma na manya, kuma ban zo nan neman gafara a kansa ba. Victoria ta shiga sakandare, na ce da yanzu su biyu ne. Ta yi baftisma, na tsaya a bayan coci. Ta tafi jami'a, na ce da akwati biyu ake ɗaurawa a motar nan. Duk rigar da ta yi mata kaɗan, sai in ji kamar ni aka ƙwace wa wani abu. Ban taɓa yi mata fatan sharri ba, Allah shaida ne. Amma ina kallonta ina jin zafi, kuma ni ba gwanin ɓoye fuska ba ne.

Ya kasance mutumin da ba ya lallashi da ƙarya. Da wani ne, da ya janye 'yarsa daga idona, ya toshe kafar zanar nan. Nathan bai toshe ba. Da muka zo yin katangar bulo ma sai ya sa magini ya bar ƙofa. Duk sakamakon da Victoria ta kawo, sai ya ce, "Je ki nuna wa Babanki na gidan can." In na yi masa ƙorafi ya ce, "To wa za ta nuna wa? Kai ka fi kowa sa mata ido." Haka yake tsokanata. Kuma bayan kowa a garin nan ya koma kirana Baban Benjamin, da sunan ɗana, don gudun tayar mini da ciwo, shi kaɗai ya ci gaba da kirana Baban Precious, a kasuwa, a coci, a gaban baƙi, har ya bar duniya. Yanzu babu mai kirana haka.

Ga yadda gilashin ya samu. Ma'aikatan asibiti da ke nan za su gaskata ni: a wancan zamani gilashin gwajin jini ba abin yarwa ba ne. In an gama dubawa sai a tara su a roba, a jiƙa, a wanke da sabulu, a shanya, gobe a shafa jinin wani. Ba su da yawa, dole a riƙa juya su. Nathan ya zare biyu daga cikin na wanki ya ajiye. Bai gaya wa kowa ba sai bayan shekara, da ya ga ni da Alisabatu muna jimamin ba mu da hoton yarinyar ko ɗaya. Mai hoto yakan zagayo lokacin Kirsimeti, to a Kirsimetinta na ƙarshe haƙoranta na gaba sun fita, ta ƙi tsayawa, muka ce a bari sai baɗi. Sai ya kira ni ɗakin gwajinsa, ya ɗora gilashin, ya murza, ya ce, "Baban Precious, zo ka ga."

Na sa ido. Wasu 'yan ƙawanyu ne birjik, launin ruwan hoda, da ɗigo-ɗigon shuɗi a cikin wasunsu. Ya ce ƙawanyun su ne jininta, ɗigon kuma shi ne ƙwayar cutar. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Tun daga nan, duk watan Agusta, watan da ta rasu, nakan je, ya saita mini madubin, ya fita ya ja ƙofa. Ni ban taɓa iya saita shi ba. In na murza sai komai ya yi dishi-dishi.

Amma ba don ni kaɗai ya ajiye ba. Shi ma akwai abin da ke cinsa. Ya ce mini, "Ƙwayar cutar da ke jinin Victoria ta fi ta Precious yawa. In da yawan cuta kaɗai ke kisa, tawa ce za ta tafi." Wannan tambaya ita ta kai shi Zariya, ita ta ƙetarar da shi ƙasar waje. Muka ce shi ke nan, mun rasa shi, ya ga inda wuta ba ta ɗaukewa, me zai dawo yi? Ni har na fara jin sauƙi, na ce aƙalla zan huta da ganin wanda ya fi ni. Ina, sai ga shi da aka ƙirƙiro Taraba ya dawo da akwatunan littattafai da gilasansa biyu, ya kwana ɗaya ya leƙo ta ƙofar katanga yana tambayar ko har yanzu ina da allon dara.

Ya kasance likitan da muke buga wa ƙofa ba mu duba agogo. Ya kasance wanda ya bi mu coci-coci da masallaci-masallaci yana gaya wa iyaye cewa yaron da zazzaɓi ya sa ya fara fizga ba na turare ba ne, ba na jira a ga gobe ba ne, na asibiti ne, yanzu-yanzu. Iyaye nawa ne a rumfar nan suka ruga da ɗa a kafaɗa saboda wannan magana, kuma ga ɗan yau ya fi su tsawo? Ya kasance wanda aka yi wa tayin babbar kujera a ofis, mai mota da direba, ya ce shi bai iya zama a inda babu warin magani ba. Ya horar mana da 'ya'yanmu a ɗakin gwaji har suka zama abin nema a wasu garuruwa. Na taɓa ganinsa a hanyar Iware, rafi ya cika, ya naɗe wando, ya ɗora akwatin madubinsa a ka kamar mai tallar doya, ya ƙetare. Takalminsa ya bi ruwa, bai ko waiwaya ba. Waƙa ce kaɗai Allah ya hana shi. Mawaƙa suna nan, su faɗi gaskiya, sau nawa suka roƙe ni in ja shi benci na baya.

Yanzu bari in gaya muku abin da yake nema, yadda shi ya gaya mini, don masu manyan digiri da suka zo daga nesa za su faɗa da Turanci, mu kuma mu gyaɗa kai mu tafi gida ba mu ji komai ba. Su ma ina kishinsu, in kuna son sani, don in sun zo yakan yi dariya da su a kan abin da ban gane ba.

Wata Lahadi da yamma, shekara biyu da suka wuce, muna dara a gindin mangwaron gidansa, ina cinsa kamar kullum, don a nan kam bai taɓa kama ƙafata ba, sai ya ce, "Baban Precious, in rogo ya kamu da ciwon nannaɗe ganye a gonar wani a Iware, me kake ce wa manomin?"

Na ce, "Ya tuge shi kafin ya shafa wa sauran."

Ya ce, "To jikin mutum ma haka yake yi, sai dai shi ba ya jiran manomi. Jikin nan naka ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, ido ba ya ganinsu. Kowacce an halicce ta da hanyar kashe kanta a cikinta. In ta tsufa, ko ta lalace, ko cuta ta shige ta, sai ta tsuke, ta yayyanka abin da ke cikinta, ta ƙunsa shi ƙunshi-ƙunshi, maƙwabtanta su kwashe. Ba kumburi, ba ɓarna, ba wanda ya ji. Yanzu haka da muke zaune ana yi a jikinka, kuma da za a daina, da ba ka daɗe ba."

Na ce, "To wa ke gaya mata lokaci ya yi?"

Ya ce, "Wani lokaci ita ke ganewa. Wani lokaci aike ake yi mata."

Sai ya ba ni labarin wani furotin, wato wani sinadari, da dakarun jini suke saki in cuta ta shigo. Masana suna kiransa da haruffa uku, TNF; mu a gindin mangwaro Ɗan Aike muke ce masa. Yana cikin masu kawo zafin jiki da kumburi, shi ke tashin jiki tsaye a yaƙi cuta. Abin kirki ne, in ji Nathan, in babu shi ciwon da bai kai ya kawo ba sai ya kayar da mutum. Amma in ya isa ƙofar ƙwayar halitta ya ƙwanƙwasa, saƙo biyu yake ɗauke da su a baki ɗaya. Ɗaya ya ce ki daure ki tsaya, ɗaya ya ce ki tattara ki tafi. Wanda za ta bi ya danganta ga abin da ya tarar a cikin gidan. In ta iya tayar da masu tsaronta da wuri, sai ta rayu. In ta kasa, sai ta bi na biyun. Wannan batu na saƙo biyu bai daɗe da fitowa a mujallun da ake aiko masa ba, yana faɗa yana rawar jiki kamar an yi masa haihuwa.

Zatonsa, kuma yakan nanata cewa zato ne, shi ne a jikin wasu yaran Ɗan Aiken yana yin yawa, ya ƙi daina bugun ƙofa, har ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa su fara tafiya alhali lokacinsu bai yi ba. Kuma mai yiwuwa wannan yawan, gadonsa ake yi.

Na ture darar. Na ce, "Nathan, tsaya. Kana nufin ba sauro ya kashe mini 'ya ba, jikinta ne? Kuma a wurina ta gada? Wato taka ta gaji jini mai hankali, tawa ta gaji na mahaukata?"

Ya ce, "Ban ce ba. Na ce ban sani ba, kuma ina so in sani. In ma haka ne, jikinta bai ci amanarta ba. Yaƙi ya yi mata, ya wuce gona da iri."

Na ce, "Ko a jini ma kun fi mu." Na tashi na bi ta ƙofar katanga na shige gida. Washegari na dawo, don na bar wasa a hannu ban gama cinye shi ba.

Daminar bara ya ce yana bukatar ɗigon jinin yara masu yawa, waɗanda zazzaɓi ya yi wa tsanani da waɗanda ya yi wa sauƙi, a ɗiga a 'yar takarda a busar. Nan fa magana ta tashi a ƙauyuka cewa likita yana tara jini zai sayar wa Turawa. Wa zai kashe wannan wuta? Ni, don manoman Iware da Sunkani sun san ni tun ina raba musu irin masara. Nakan riga shi isa a babur, in zauna da iyaye in yi ta bayani. A wata ruga bayan Sunkani wata uwa mai suna Zulai ta ƙare mini kallo ta ce, "Baaba, kai ka ba da na ɗanka?" Na ce likita ya ɗauki na 'yata tun tuni, yana wurinsa. Ta miƙa hannun yaronta. Da bakina na shawo kan mutanen nan, kuma da yawansu suna zaune a nan suna kallona yau.

Farkon shekarar nan sai ya ce mini akwai hanyar karanta gadon mutum daga busasshen jini, ko da ya shekara da shekaru, kuma abokan aikinsa a wata jami'a suna da na'urar. Ya ce a duk abin da ya tara babu kamar gilasan nan biyu: gida ɗaya, sauro ɗaya, rana ɗaya, magani ɗaya, ƙarshe biyu. Na ce to a duba mana. Ya ce, "Sai an kankare jinin an narkar. Ba abin da zai rage a kai."

Na ce, "Kai in an kankare naka, ka shiga gida ka tarar da ita tana dafa maka shayi. Ni in an kankare nawa, in shiga ina?"

Ya buɗe akwatin katako, ya naɗe gilashin a hankici, ya miƙo mini. Ya ce, "Naka ne. Da ma ajiya nake yi maka." Bai sake tayar da maganar ba. Agusta ta zo na je da shi a aljihu, ya saita mini madubi, ya fita ya ja ƙofa kamar kullum. Wannan ya fi ba ni haushi fiye da a ce ya matsa mini. Ko a haƙuri sai da ya nuna mini ya fi ni.

Watan jiya ya dawo daga Sunkani, ya ce wa Margaret kansa na ciwo, ya zauna a kujera. Shi ke nan. Mutumin da ya tsaya a kan gadon rabin garin nan, bai ba kowa damar tsayawa a kan nasa ba.

Bayan mun binne shi na fito da gilashin na ɗaga shi a rana. Tabo ne kawai, launin tsohon zoɓo. Madubin yana can a ɗakin gwaji, akwai masu saita shi, amma babu wanda ya san wace ce a kai. Babu wanda zai ce mini zo ka ga.

Ana cikin zaman makoki Victoria ta shigo ta ƙofar katanga. Ta gama digirinta a kan sinadaran jikin mutum, kuma jami'ar nan ta abokan babanta ta ba ta gurbi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo roƙo."

Na ce, "Na san abin da kika zo roƙa. Babanki ya roƙa na hana shi, ke ce zan ba?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Jinin ya tsufa, mai yiwuwa a kankare a rasa abin karantawa. In ma an samu, gilashi biyu ba za su yanke magana su kaɗai ba, kuma ba zai warkar da ɗan kowa bana ko baɗi ba."

Na ce, "Madalla. Kin iya talla kamar ubanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tun ina ƙarama nake ganin yadda kake kallona. Na san ba ƙi ba ne. Amma duk ranar da aka aiko ni in nuna maka sakamako, sai na daɗe a bakin ƙofar can ina tunanin ko in koma. Kai kana tambayar me ya sa aka ɗauke ta. Ni ina tambayar me ya sa aka bar ni. Tambaya ɗaya ce, Baba, kuma na gaji da ɗaukarta."

Jama'a, ni na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da wannan kaya. Ban taɓa kawo wa raina cewa kunun nan da ta nema yana tsaye mata a wuya har yau ba. Na ce ta tashi, zan ba ta amsa ranar taro.

Na kai maganar wurin Alisabatu, don jinin nata ne kamar yadda yake nawa. Ita ba ta taɓa leƙa madubin ba, ta ce ba a haka ta san 'yarta ba. Ta ce, "Baban Benjamin, ni tawa tana nan a idona. Kai ka sani da gilashinka. Amma jikokinmu a gidan nan suke kwana, sauron kuma bai yi ƙaura ba." Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta bar ni da shi.

Maman Victoria, kin yi haƙuri da mu. Kin raba miji da asibiti, da madubi, da ƙauyuka, da maƙwabci mai baƙin rai irina, ba ki taɓa ɗaure mini fuska ba ko a ranakun da na ƙi amsa gaisuwar 'yarki da kyau. Mu mutanen Majidaɗi ba za mu bar ki ke kaɗai ba. Ƙannen Victoria, ubanku bai bar muku manyan gidaje ba, ya bar muku suna da za ku shiga ko'ina da shi a ƙasar nan a ba ku wurin zama, ku riƙe shi da tsabta. Ku kuma abokan aikinsa, takardun jinin nan na yaran Iware da Sunkani amana ce. Ni na karɓo su da bakina. In gara ta ci su a kabad, ni za a tambaya, ni kuma ku zan tambaya, kun kuwa ji irin bakina.

Victoria, taso ki zo nan.

Ba da farin ciki nake yin wannan ba, kuma in an buga jawabin nan kada wani ya gyara ya ce da farin ciki ne. Har yanzu ina jin ciwon cewa in amsa ta fito, sunan Manga za a rubuta a kai, 'yata kuma lamba za a sa mata, don babanki ya ce haka ƙa'idar take. Na yarda. Amma ranar da za a kankare, kada ki ba wani. Ke za ki yi da hannunki, naki da nata, zama ɗaya. Kafin ki sa wuƙa, ki kira sunanta da bakinki, yadda kike kiranta ta kafar zana. Abin da kika samu kuma kada ki aiko mini a takarda. Ki zo gindin mangwaro ki faɗa mini da Hausa. In babu komai, ki ce babu. In daga wurina ta gada, ki dubi idona ki faɗa, kada ki lallashe ni, ubanki bai taɓa yi ba.

Shekarun da kika samu ita ba ta samu ba, ba na cewa ki mayar. Naki ne, ki more su. Ki dai kashe mata kaɗan daga ciki.

Karɓi. Da hannu biyu, 'yata. To, koma ki zauna kusa da mamanki kafin in sake shawara.

A madadin iyalin marigayi da jama'ar Majidaɗi, muna godiya ga wakilin gwamnati da iyayenmu sarakuna, ga Rabaran da dattawa, ga maƙwabtanmu, ga matan da suka kwana biyu a bakin murhu, da duk wanda ya baro gonarsa a tsakiyar girbi ya zo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, kai ka ba mu Nathan, kai ka karɓe shi, mun gode da aron da ka yi mana. Ka ta'azantar da Margaret, ka raya 'ya'yansa, ka ƙarfafa hannun Victoria a kan aikin da ta ɗauka. Ka tsare yaran ƙasar nan a kowace damina. Ni kuma ka san zuciyata, ba sai na yi mata kwalliya a gabanka ba. Ko yanzu da nake tsaye ina kishinsa, don ya riga ni isa inda Precious take, shi zai fara ganin fuskarta. Ka ba shi hutawa. In sun haɗu, ka bar shi ya gaya mata babanta ya tsufa, ya yi faɗa iya faɗa, amma ya bayar. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.